Layi Biyun da Ban Rubuta Ba

Ku yaran da kuka fito makaranta jiya jiya da takardar shari'a a hammata, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai alƙalin ɗaukaka ƙara hutu ya samu. Ba ya jin hayaniyar masu ƙara, ba ya shaƙar gumin kotu, takarda kawai yake juyawa a ƙarƙashin fanka. To ku matso ku ji. Na fi shekara ashirin ina juya takardun nan, kuma ban ga abin da ya kai takarda iya yaudara ba, don ita ba ta in'ina, ba ta sunkuyar da kai in an tsare ta da ido. Alƙalin ƙasa yana ganin fuskar mutum. Mu na sama, abin da magatakarda ya ga dama ya rubuta shi ne iyakar saninmu. Na san haka ne don kafin in hau kujerar, ni ne magatakardan.

Sunana Mutari, haifaffen Birni a nan Damagaram. Ubana baduku ne, kuma ba da son ransa aka kai ni lakwal, makarantar boko, ba. Da na gama aka tura ni kotun kumandan, Baturen da ke mulkin gari, a hannun babban magatakarda, wani ɗan Dahomai da ake kira Mushe Pol, wato Malam Pol a bakin Faransawa. Mutum ne siriri, marar dariya, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari.

Wata shida bai bar ni na taɓa keken rubutu ba. Aikina ɗinkin dosiye. Kowace shari'a in ta ƙare, sai a jera takardunta, a sa wa kowane shafi lamba, a huda wuri uku, a zura zare a ƙulle, a buga hatimi a kan ƙullin. Daga ranar ba a ƙarawa, ba a ragewa. Ranar da ya fara ganin ɗinkina ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ashe da gadonka ka zo." Wannan ne yabon da na samu a shekarar farko, kuma na riƙe shi da kyau don babu na biyu. Sauran aikin yaƙi da gara ne. Ƙafafun kabad ɗinmu a cikin gwangwanayen kananzir suke tsaye, duk Litinin in duba ko sun bushe.

Da ya sakar mini keken, sai na gane ɗinki wasa ne. Takarda biyar ake zurawa lokaci guda da karbon a tsakani, kuma sai ka daki harafi kamar kana jin haushinsa kafin ya fito a ta biyar. Kuskure ɗaya, gyara biyar. Duka da Faransanci ake rubutawa, alhali masu ƙara da Hausa ko Barbarci suke magana, saboda haka ni ne tafinta, ni ne kuma mai rubutu. Kumandan yana zama a tsakiya, malamai biyu masana shari'a da al'ada a gefensa. Wanda bai yarda da hukunci ba ya ɗaukaka zuwa Yamai. In can ma bai gamsu ba, sai Dakar, kotun tarayyar ƙasashen da Faransa ta haɗa mu da su. Mutum ba ya zuwa Dakar, dosiyensa ke zuwa.

A nan na koyi abin da ya kusa kashe ni, wato taƙaitawa. Kun san mutanenmu. In tsoho zai yi ƙarar akuya, sai ya faro daga kakan mai akuyar. Turawa kuwa ba su da wannan haƙurin. Na ƙware har abin da dattijo zai faɗa a rabin awa in mayar da shi layi uku. Kumandan ya riƙa nuna ni ga baƙi yana cewa ba shi da irina. Kaina ya kumbura, na ɗauka iya aiki ke nan.

Shari'ar da nake so in ba ku labari ta zo ne wata Alhamis cikin zafin bazara, a shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a. Mai ƙara Alhaji Tanko, babban mai sayen gyaɗa a unguwar Zango, mutumin da in ya yi tari ana ji a gidajen manya. Wanda ake ƙara Malam Bukar, wani tsoho daga wani ƙauye kusa da Guna. Abin da ake jayayya a kai garka ce a kwarin Korama, mai ruwa kusa, wadda ita ke ciyar da gidan tsohon gaba ɗaya. Alhaji ya ce ta ubansa ce, aro aka ba uban Malam Bukar, yanzu yana son abinsa. Shaidun da ya kawo barorin gidansa ne, malaman suka ce ba a karɓa. Sai rantsuwa ta hau kan wanda ake ƙara. In Malam Bukar ya dafa Alƙur'ani ya ce garkarsa ce, magana ta ƙare.

Tsohon ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidanmu ba a dafa Alƙur'ani saboda ƙasa. Kakana bai dafa ba, ubana bai dafa ba. Ko da gaskiyarka, rantsuwa tana bin 'ya'ya, ni kuwa ina da jikoki. Amma akwai abin da ya fi rantsuwa. A zo a ga dabino goma sha ɗaya da ubana ya dasa da hannunsa. Duk ƙasar Damagaram an sani, wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace. Da aro ce, da uban Alhaji ya tumɓuke su tun suna ƙanana. Ina roƙon kotu ta zo ta gani."

Gaskiya ya faɗa. A al'adarmu mai aro yana shuka abin da zai girbe ya tashi, gero ko dawa ko rake. Itace kuwa sai mai ƙasa. Kuma duk Korama an san gidan Malam Bukar ba sa rantsuwa. Alhaji ma ya sani, da wannan ya dogara ya shigo kotu ba shaida.

Na fassara maganar tsohon duka, ban rage ko kalma ba. Kumandan ya share gumi ya ce shi ba zai hau doki har Korama don ƙirga itatuwa ba. Ya tambayi malaman abin da shari'a ta ce in mutum ya ƙi rantsuwa. Suka dubi juna, suka dubi Alhaji, suka ce rantsuwa tana komawa kan mai ƙara. Bayan la'asar Alhaji ya rantse a masallaci, aka ba shi garka. Ni kuma na zauna gaban kekena na buga, "Wanda ake ƙara ya ƙi rantsuwa." Dabino bai shiga ba, roƙon a je a gani bai shiga ba. Ba wanda ya ce in cire. A ganina surutun tsofaffi ne, kuma shafin ya fito tsaf. Na ɗinke, na buga hatimi, na tafi gida ina jin yunwa.

Malam Bukar ya ɗaukaka ƙara. Bayan watanni Yamai ta tabbatar da hukuncin. Wata safiya sai ga shi a bakin biro, wato ofishinmu, da babban ɗansa Isa, ƙafafunsu buɗu-buɗu, a ƙasa suka tako daga Guna. Ya miƙo mini takardar hukuncin na karanta masa da Hausa. Da na gama ya ce, "Ɗana, kai ne mai rubutu ran nan, ko?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To su na Yamai da suka ji zancen dabinon, me suka ce?"

Na ce ya jira ni. Na shiga na ɗauko kofinmu na dosiyen na karanta shafin sau uku, kamar in na sake dubawa dabinon zai tsiro. Kunya ta rufe ni. Alƙalan Yamai ba su yi zalunci ba, abin da na ba su suka yanke hukunci a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni ne na tsaga bangon.

Na kai wa Mushe Pol. Ya cire tabarau ya ce, "Dakar ba ta sake sauraron shari'a, dubawa take ko an bi ƙa'ida. Mutum ya roƙi a je a ga wuri, ba a amsa masa a hukunci ba, ba a ma rubuta ya roƙa ba, wannan ya isa a rushe komai. Amma wa zai shaida ya roƙa? Kumandan ya koma ƙasarsu. Malaman nan biyu ba za su ja da Alhaji ba. Saura kai. Sai ka rubuta da sunanka cewa abin da ka sa wa hannu bai cika ba. Kwana goma sha biyu ya rage wa'adi ya cika."

Na rage murya na ce ko a warware ɗinkin in sake buga shafin kawai. Ya dube ni har na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Kofi biyu suna Yamai. Ko ba sa can, kai ka ɗinke, ka san ba a warwarewa. Ban ji abin da ka faɗa ba, kada ka bari in ji."

Ga abin da ya sa na yi wannan banzar tambaya. Lokacin Turawa sun fara naɗe tabarma, ana neman 'yan ƙasa da za a tura Faransa su koyi alƙalanci, su dawo su riƙe kotuna. An aika sunaye Yamai, nawa yana ciki. Ɗan baduku zai zama alƙali, har an fara yi wa uwata barka a unguwa.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, sai na ji an kama hannuna. Alhaji Tanko ne. Bai saki ba, muka riƙa tafiya hannu cikin hannu kamar aminai, mutane suna gaishe shi suna kallona.

Ya ce, "Malam Mutari, an ce Faransa za ka. Wallahi mun ji daɗi, ɗan Birni zai hau kujera. Shekaranjiya ma na yi zancenka da manya."

Na ce, "Na gode, Alhaji."

"Sai dai na ji tsohon nan na Guna yana zarya a bironku. Tawada ta riga ta bushe, a bar takarda ta huta. Kai da kanka duba mana, wa zai ba mutum shari'ar jama'a bayan ya sa hannu cewa rubutunsa ba daidai yake ba?" Ya matse yatsuna kaɗan, ya yi murmushi. "Ban ce komai ba fa. Shawara ce irin ta uba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai yi ƙarya ba. Ni ma in ni ke zaɓe, da na yi wannan tambayar.

Sau uku ina buga takardar shaidar ina yagawa. Malam Bukar kuwa bai koma Guna ba. Ya sauka wurin wani ɗan'uwansa a Zango, kullum da safe ya zo ya zauna gindin tsamiyar da ke ƙofar kotu. Bai san zancen Faransa ba, bai san abin da ake jira daga wurina ba, Mushe Pol dai ya ce masa akwai sauran hanya. Ba ya roƙo, ba ya tambaya. In na wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, ɗana." Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi. Na koma shiga ta ƙofar baya, sai na ji kunyar hakan ma ta ishe ni. Mushe Pol bai sake tayar da zancen ba, illa kowace safiya ya yage shafin kalanda da ƙarfi fiye da yadda ya saba.

Motar wasiƙu tana tashi zuwa Yamai ran Talata da azahar, in ta wuce sai wani mako, wa'adi kuwa ba zai kai ba. Ranar Talatar da hantsi na zura takarda biyar na buga abin da tsohon ya faɗa, tun daga kakansa har roƙonsa, na rubuta cewa ni na fassara shi a gaban kotu, ni kuma na bar shi a waje. Na yi kuskure biyu, na gyara goma. Sabon kumandan ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Ka san abin da kake yi wa kanka?" Na ce na sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya buga hatimi, na ruga da ambulan, na tarar direba har ya tayar da mota.

Kada ku zaci daga nan komai ya gyaru. Wannan ce muguwar shekarata. Ba a yi wata ba aka soke sunana, aka tura ni Gigimi, can gabas bakin tafkin Cadi, inda sauro ya fi masu ƙara yawa. Dosiyen ya isa Dakar daidai lokacin da tarayyar ke wargajewa, kowace ƙasa tana kama gabanta. Ba wanda ya buɗe shi. Aka zuba shi a akwati da ɗaruruwan irinsa aka mayar Yamai. Ana cikin haka wasiƙa ta same ni daga Isa, wani mai rubutu a kasuwa ya rubuta masa. Alhaji ya ji abin da takardata ta ƙunsa, ya tura mutane da gatura, sun sare dabinon duka goma sha ɗaya, sun dasa rake a wurin. Na zauna a bayan biro na yi kuka. Na rasa Faransa, tsohon bai samu garka ba, kuma takardata ce ta nuna wa gatari hanya.

Bayan an samu 'yancin kai aka kira ni Yamai. Mutum uku ne a bayan tebur, takardar nan tawa tana saman dosiyena. Babbansu ya ɗaga ta ya ce, "Sa hannunka ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "Wa ya tilasta ka?" Na ce babu. Ya ajiye ta, bai yabe ni ba, bai zarge ni ba, ya juya ga 'yan'uwansa ya ce ba su da mutane. Saboda haka kada wani ya ce muku gaskiyata ce ta ba ni kujera. Ƙasa ce sabuwa, masu iya karanta doka ba su cika tabarma ɗaya ba. Aka tura ni karatun shekara biyu, na dawo aka naɗa ni a kotun ɗaukaka ƙara. Baƙar rigar da aka ba ni ta wani Bature ce da ya tafi, ta yi mini tsawo, sai da na kai wa tela ya rage.

Makon farko na nemi mabuɗin ɗakin ajiya. Akwatunan Dakar suna nan jibge, ko ƙusa ba a cire ba. Kwana huɗu ina tonawa da ƙura a hanci, kafin in hango ɗinkina. Gara ta ci gefe ɗaya, amma takardata tana ciki lafiya. Na kai wa shugaban kotu na ce a sa shari'ar a layi, ni kuma ba zan zauna ba, don shaida nake a ciki. Wannan ma ku riƙe: alƙali ba ya zama a kan abin da ya taɓa hannunsa, ko da ya tabbata shi ya fi kowa sanin gaskiyarsa. Ranar da aka saurara ina zaune a benci tare da jama'a. Lauyan Alhaji ya ce babu wani dabino a garkar, a je a duba. Alƙalan suka ce to za a je.

Wanda aka tura ya shiga cikin raken da mutanen ƙauye, suka riƙa buɗa ganye. Dabino ba ya tumɓukuwa da sauƙi, masu gatarin kuma sun yi ƙyuya. Aka ƙirga kututture goma sha ɗaya. Dattawan Korama, da suka ga hukuma ta tako da ƙafarta, bakinsu ya buɗe, suka faɗi wanda ya dasa. Aka rushe hukuncin farko, aka mayar wa Malam Bukar garkarsa, shekara shida bayan an ƙwace ta.

Na ɗauki hutu na kai masa takardar da kaina. Na tarar da shi a zaure da hantsi, ya rame, Isa ke tayar da shi zaune. Shekarun nan a gonakin mutane 'ya'yansa suka yi ƙwadago, biyu daga cikin jikokinsa sun tafi Kano ba su dawo ba. Na gaishe shi na faɗi sunana. Ya ce ya gane muryar. Ya ce in karanta masa, kada in tsallake komai. Na karanta shafi bakwai da Hausa, har lambobin shafi ban bari ba.

Da na gama ya ce, "To dabinon fa, ɗana? Takardar ta ce a mayar da su?"

Na ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin takarda."

Ya gyaɗa kai. Bai ce mini na gode ba, kuma ban ga dalilin da zai ce ba. Ya juya ga ɗansa ya ce, "Isa, je gidan maƙwabcinmu Malam Gambo ka roƙo 'ya'yan dabino, ko uku ne. Ka taho da galma."

Isa ya ce, "Baba, a bari rana ta yi sanyi mana. Ai garkar ba guduwa za ta yi ba."

Tsohon ya lalubo sandarsa yana ƙoƙarin miƙewa, na kama shi ta hammata, ba nauyi ko kaɗan. Ya ce, "Dabino sai ya shekara bakwai kafin ya haihu. Ni ba zan ci ba, na sani. Amma a dasa yau ina tsaye, kada gobe wani ya zo ya ce wa 'ya'yanka aro ce."